Zuwa ga 'yata, kan allurar nan

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Yayarki ta faɗa min abin da kika so a ɓoye min. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata. Wai tun da likita ya yi miki allurar Kenacort a tabon nan da ya yi tudu a kafaɗarki, kika ga wurin ya yi haske, sai kika koma wajen wata da ba likita ba tana ƙara miki.

Hasken nan lahani ne. Maganin da ke ciki, triamcinolone, yana danne ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma a baƙar fata irin tamu ya fi fitowa fili. Wani lokaci farin ba ya tsayawa inda aka soka, sai ya bazu layi-layi kamar jijiyar ganye. Ba a ranar yake bayyana ba, sai bayan makonni ko watanni, shi ya sa mutum ke ta ƙarawa alhali ɓarnar ta riga ta fara.

Amma abin da ke hana ni barci shi ne lotsawar. Allurar tana zaizaye kitsen da ke ƙarƙashin fata, wurin ya zurma, fatar ta yi shara-shara har ƙananan jijiyoyin jini su fito, nankarwa ta biyo baya. Ɗan bugu kaɗan jini ya kwanta, ciwo ya daɗe bai warke ba. Wasu bayan watanni wurin yakan cike, wasu kuwa shi ke nan. Wa ya ba ki tabbacin kina cikin na farko? Likitan da ya karanci abin ma yakan bar makonni 4 zuwa 6 tsakanin allurar tabo irin naki. Kuma tana ɗaga suga, ke kuwa kin ga yadda muka yi da babanki.

Ban raine ki don ki miƙa jikinki ga duk wanda ya iya riƙe sirinji ba. Za ki ce na cika faɗa, haka kika ce lokacin maganar makarantar nan, kin kuma ga inda ta ƙare.

Ba fushi nake ba, tsoro ne. Ki je wajen likitan fata, ki faɗa masa sau nawa aka yi miki, kada ki rage ko ɗaya don kunya. In an yi da yawa, shi zai tsara yadda za a daina. Ki kira ni da kin fito.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki