Rikicin ɗaukar bindiga a New York: a gaya wa masu sauraro labarin gaba ɗayansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da duk ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili in yi gyara a kan wata magana da na ji a shirinku na masu kira ta waya. Wani bawan Allah ya ce a Amurka kotu ta yanke hukunci kowa ya rataya bindigarsa ya shiga kasuwa, don haka mu ma a gida Najeriya a sakar wa mutane mara. Ban ga laifinsa ba, wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa dole ransa ya kai shi nan. Amma ni a unguwar Bronx ta birnin New York nake zaune, ina tuƙin tasi, kuma abin da ya faɗa rabin labari ne.

Tun 1911 jihar New York take da dokar da ta ce ba a riƙe ƙaramar bindiga sai da lasisi. Daga baya aka ƙara sharaɗin cewa mai son fita da ita waje sai ya kawo dalili na musamman, wanda ya wuce tsoron da kowa yake ji. Cewa unguwarku akwai ɓarayi bai wadatar ba. Wasu mutum biyu, Robert Nash da Brandon Koch, suna da lasisin farauta da na koyon harbi, suka nemi a ba su na yawo da bindiga don kare kai, aka hana su. Nash har ya kawo hujjar fashin da aka yi ta yi a unguwarsu. Suka kai ƙara tare da wata ƙungiyar masu bindiga ta jihar, maganar ta hau har Kotun Ƙoli. Ranar 23 ga Yuni, 2022, alƙalai shida suka ce sharaɗin nan ya saɓa wa tsarin mulki, uku suka ƙi. Shari'ar ce ake kira Bruen, kuma Mai Shari'a Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin.

Kotun ba ta soke lasisi ba. Har yau wanda aka kama da bindiga mai harsashi a titin New York ba da takarda ba, abin da doka ta tanadar masa ya fara ne daga shekara uku da rabi a kurkuku. Abin da aka soke shi ne ikon jami'i ya dubi fuskarka ya ce kai ka cancanta, wancan bai cancanta ba. A lokacin jihohi 43 sun riga sun bar wannan tsari, saura shida, ciki har da New York da California da New Jersey da Hawaii.

A wannan gaɓa ina tare da kotun, kuma ban zo nan da sauƙi ba. Tsohon tsarin ya zama na masu hannu da shuni. Attajiri da mai suna sukan samu, mai shagon lungu da ke rufewa ƙarfe biyun dare ba ya samu. A 2016 har gurfanar da wasu jami'an sashen ba da lasisi aka yi kan karɓar cin hanci. Lauyoyin da ke kare talakawa kyauta a Bronx da Brooklyn, waɗanda ba wanda zai kira su masoyan bindiga, sun rubuta wa Kotun Ƙoli cewa kusan duk waɗanda suke karewa da aka gurfanar kan wannan doka baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. Duk dokar da ta dogara da ganin damar jami'i, mu da muka tashi a ƙasashenmu mun san inda take ƙarewa.

Inda na rabu da kotun shi ne ma'aunin da ta kafa. Hukuncin ya ce daga yanzu duk dokar bindiga sai gwamnati ta nuna tana da makamanciya a tarihin ƙasar, musamman zamanin da aka amince da gyara na biyu na tsarin mulki, wanda ya ambaci 'yancin riƙe makami, wato 1791. An hana alƙali ya auna amfanin doka da illarta, aikinsa ya koma tonon tsofaffin takardu. Bindigar 1791 fa irin ta maharbanmu ce, a ɗura albarushi ta baki, a harba sau ɗaya, a sake ɗurawa. Fistol ɗin yau yana ɗaukar harsashi goma sha biyar ko fiye, ya shige aljihun riga ba wanda ya sani. Mutanen wancan zamani ba su san jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, balle su yi dokar abin da za a shiga da shi. Wani alƙalin tarayya a jihar Mississippi, Carlton Reeves, ya fito fili ya koka cewa su alƙalai ba masana tarihi ba ne, har ya tambayi lauyoyi ko ya ɗauko masanin tarihi ya taya shi. Idan mai yanke hukunci da kansa yana wannan kuka, ina ga wanda ake yanke wa?

Kuma a duba lokacin da hukuncin ya fito. Ranar 14 ga Mayu na shekarar an harbe baƙaƙen fata goma a wani kantin cefane a birnin Buffalo na jihar New York. Bayan kwana goma aka kashe yara 19 da malamai biyu a makarantar firamare ta Uvalde a Texas. A watan Afrilu kuma an harbi mutum goma cikin jirgin ƙasa a Brooklyn. Mai Shari'a Stephen Breyer, a ra'ayinsa na ƙin amincewa, ya fara ne da adadin waɗanda bindiga ta kashe a Amurka a 2020: mutum 45,222. Fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu, wannan kuwa abu ne da masu yabon Amurka ba sa ambata.

Jihar New York ba ta zauna ba. Cikin kwana takwas da hukuncin, Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a sabuwar doka. Mai neman lasisi sai ya yi awa 16 a aji da awa biyu a filin harbi, ya kawo mutum huɗu da za su shaidi halinsa. Aka jera wuraren da ko mai lasisi ba zai shiga da bindiga ba: makarantu, asibitoci, jirgin ƙasa da bas, wuraren shan giya, dandalin Times Square. Nan take aka koma kotu. Wani alƙali ya dakatar da sassa da yawa, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da mafi yawansu a Disamba 2023, amma ta ƙi yarda a tilasta wa mutum miƙa sunayen shafukansa na sada zumunta. Ita kanta Kotun Ƙolin sai da ta ɗan ja da baya a Yuni 2024, a shari'ar Rahimi, inda alƙalai takwas suka ce ana iya raba mutum da bindiga idan kotu ta tabbatar yana barazana ga matarsa ko abokiyar zamansa. Wanda ya ƙi shi kaɗai shi ne Thomas ɗin da ya rubuta Bruen.

Maganar wuraren ibada ce ta fi raba kawunanmu a nan. Dokar ta sa su cikin wuraren da aka hana, daga baya aka sassauta wa masu aikin tsaro. Na zauna a majalisar da aka yi wannan muhawara bayan sallar isha'i. Wani dattijo ya tuna mana limamin da aka harbe tare da mataimakinsa a unguwar Ozone Park ta birnin New York a 2016 suna dawowa daga masallaci, ya ce shi ba zai yarda a same mu hannu rabbana ba. Wani ya ce shi kuma ba zai iya natsuwa a sahu ba yana tunanin abin da ke ƙugun na kusa da shi. Ni na fi karkata ga na biyun, a sa mutum ɗaya ko biyu sanannu masu horo a ƙofa, sauran jama'a su shigo hannu sake. A cikin motata ma haka nake ji. Na sha ɗaukar fasinjojin da faɗa ya kaure tsakaninsu a kujerar baya kan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma abin da ya sa muka rabu lafiya shi ne ba mai abin ɗanawa a cikinsu.

Kwanaki kaɗan bayan hukuncin Bruen, gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga, hukumomin tsaro na tarayya suka ce gwamna ba shi da wannan iko. Tun daga lokacin nake jin ana haɗa maganganun biyu. Ba ɗaya ba ne. Tsarin mulkin Amurka ya ambaci 'yancin riƙe makami, na Najeriya bai ambata ba, kuma dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa. Sannan wanda zai sayi bindiga a shagon da ke da lasisi a nan, ana duba sunansa a rumbun bayanan masu laifi kafin a miƙa masa, an ɗauki zanen yatsunsa, an san lambar bindigar. Wanda yake son a kwaikwayi Amurka sai ya fara gaya mana wa zai yi wannan aikin a ƙauyen da ofishin 'yan sanda mafi kusa yake da nisan tafiyar awa biyu a babur.

Roƙona, Malam Edita, idan za ku sake taɓo wannan batu ku gayyato lauya da ya san dokar makamai ta Najeriya da wanda ya bibiyi waɗannan shari'o'i na Amurka, ku ba su lokaci isasshe, sannan ku buɗe layi ga mutanen Zamfara da Katsina su yi musu tambaya da kansu.

Na gode. Allah Ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Bronx, New York