A taimaka wa tsofaffin sojojin karkara su rubuta abin da suka gani

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya a Abuja, amma a ƙauyukan Ringim, Gumel da Ɗambatta waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suna ta ƙarewa, labarinsu na bin su kabari. Ga na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya a 1990, ga 'yan runduna ta musamman da aka horar a Buni Yadi suka shiga dajin Sambisa. Cikinsu akwai masu son rubutu, hanyar ce ba su sani ba.

A fara da takardar sallama, domin ita ke ɗauke da lambar soja da shekarun aiki. Sannan a naɗi muryar tsohon sojan a waya, kada zama ya wuce minti 30, kuma da hantsi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: mutumin da bayan isha'i ya tono ranar da aka yi musu kwanton ɓauna, da wuya ya runtsa a daren. Idan ya yi shiru, a bar shi, kada a matsa. Ɗa ko jika ya kwafe maganar a makon, da boko ko ajami, a shafin dama, a bar na hagu don gyara.

Shekaru kan cakuɗe masa. A tambaye shi ko da damina ne, ko cikin azumi, ko zamanin mulkin wa, sannan a gwada da abin da abokin bataliyarsa ya tuna.

Sojan runduna ta musamman sai ya ƙara taka tsantsan. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 na nan daram, kuma ambaton sunan ɗan gari da ya taɓa ba su rahoto na iya jawo a kashe shi. Wanda ya rasu a fagen daga kuwa, a nemi yardar iyalinsa kafin a bayyana yadda ya cika.

Wajen bugu, masu kwamfuta kan zubar da ƙ, ɗ da ɓ, sai “ƙafa” ta koma “kafa”. A karanta gwaji kafin a biya. A buga kwafi kaɗan tukuna, kada a narkar da kuɗin sallama gaba ɗaya.

Roƙonmu, Edita, ku ware musu ko da rabin shafi a mako.

Wassalam,
Mai karatu daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa