Kafin a kawo mana kiwon turke irin na Amurka, a duba ruwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka don in ja hankalin Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, da hukumar NAFDAC. Tun da aka fara maganar manyan gonakin kiwo na zamani, kowa nama da madara yake lissafawa. Ban ji wanda ya tambayi inda kashi da fitsarin dubban shanun za su kwarara ba.

A Amurka, yawancin shanun turke ana dasa musu wani ɗan ƙwaya a ƙarƙashin fatar kunne, mai sakin homon, wato sinadarin da ke sarrafa girma da haihuwa a jiki, a hankali don su yi saurin ƙiba. Daga cikin irinsu akwai trenbolone da zeranol da estradiol. Jikin saniya ba ya cinye maganin duka. Saura yana fita ta kashi da fitsari, ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi, ko a kwashe takin a zuba a gona ya tsiyaye daga can.

Abin da ya biyo baya an gan shi a kogin Elkhorn na jihar Nebraska. Binciken da aka wallafa a 2004 ya gano ƙananan kifayen da ke inda ruwan wani wurin turke ke gangarowa sun canza: mazan ƙwayoyin haihuwarsu sun ƙanƙance, matan kuma sinadaran jikinsu sun rikice. A 2013 kuma masana suka gano abin da ya fi ɗaure kai. An daɗe ana cewa hasken rana na lalata ragowar trenbolone a ruwa, ashe da dare ya yi sai ya sake haɗuwa ya dawo. Wato mai awon ruwa da rana tsaka zai iya cewa lafiya lau, alhali ba haka ba ne.

Tarayyar Turai ta hana shigo da naman shanun da aka ba homon tun 1989, ta yi ta shari'a da Amurka a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Amma rigimarsu a kan lafiyar mai cin nama ce. Kifi bai samu lauya ba.

Mu nan rafin da shanu ke sha shi ne na wanki, na ban ruwan kayan lambu, na masunta, wani lokacin har na randa. Wanda ya san yadda ƙazantar kwata ke bi ta Jakara a Kano ya san ba mu iya tsare magudana ba tun kafin a zo ga homon.

Roƙona biyu ne. NAFDAC ta fito fili ta faɗa wa makiyaya da masu sayar da magungunan dabbobi waɗanne magungunan ƙiba ne aka halatta, waɗanne aka hana. Ma'aikatar kuma kada ta ba kowace babbar gona izini sai ta nuna ramin tara ruwan taki, nesa da kogi, da wanda zai riƙa auna ruwan, har da dare.

Wassalam.

Mai karatunka,
daga Zariya