Ku daina ɗora wa uwa laifin unguwa

Assalamu alaikum Edita,

Wallahi raina ya ɓaci da shirinku na daren Lahadi. Baƙon naku ya yi ta nanata cewa iyaye mata ne suka lalata yara, su suka haifar mana 'yan sara-suka, mai gabatarwa kuma bai ce masa uffan ba. Haba! Malamin nan ya taɓa kwana a gidan haya a unguwar Gangare ko Rikkos a nan Jos?

Ni malamar Islamiyya ce, ajin 'yan ƙanana nake riƙewa. Za ka ga yaro bai iya tsarki da kansa ba, amma yana cizon 'yan ajinsu, yana ashar ɗin da babba zai ji nauyin maimaitawa. In ka bi sawu, uwarsa ba mai zagi ba ce. A bakin famfo ya ɗauko, inda ake dambe kan layin jarka, da kangon bayan gidansu inda samari ke zaman sholisho da tiramol tun hantsi. Gida cike da 'yan haya, tsakar gida ɗaya, bayi ɗaya, ina za ta ɓoye shi? Uban ya fita da Keke tun asuba, sai yara sun yi barci yake shigowa.

Ba wai na wanke iyaye ba ne. Wadda ke zabga wa ɗan yaye silifas don ya zubar da koko, duka take koya masa, gobe a kan ɗan wani zai sauke. To amma su waye iyayen? Da yawansu yara ne lokacin rikicin Jos na 2001 da na 2008 da na 2010. Sun ga gawa da idonsu, sun gudu daga gidajensu, aka raba unguwanni, ba wanda ya zaunar da su ya rarrashe su. Kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, jarin gidaje da dama ya tafi. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwaya ba ta bar lungunanmu ba. Ko ɗaya baƙonku bai ambata ba, sai uwa, sai uwa.

Don Allah in za ku sake, ku kira mai unguwa da kansila da mace mai goyo a baya, su ma a ji bakinsu.

Sannan layin wayarku ya ishe mu. Kullum muryoyin maza guda ne ke shiga, mu kuwa saƙon tes ɗinmu ma ba a karantawa.

Taku,
Wata malama daga Unguwar Rogo, Jos