Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiyarmu ta Masu Alƙalamin Tawada a Wannan Shekara

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu. Ga rahoton shekara ya iso, a makare kamar kullum, kuma laifina ne ba na shugaba ba, don bawan Allahn nan ya tuna min ya fi a ƙirga. Waɗanda suka shigo bana su yi haƙuri da ni, ban iya rubutu irin na ofis ba, yadda abu ya faru haka nake zayyano shi.

Babban abin da muka yi dai shi ne zuwa baje kolin alƙaluma na Landan, na watan Maris da na Oktoba, can Hammersmith. Na Maris ya faɗo cikin azumi, shi ya sa 'yan tsiraru ne suka je, su ma kafin la'asar kowa ya yi laushi ya nemi hanyar gida. Na Oktoba kam mun fito, har da waɗanda suka taso daga Manchesta da Bamingam tun asuba. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, babban zaure ne a otal an jera tebura, kowane tebur da mai shi, wani tsofaffin alƙaluma zalla ya shimfiɗa irin su Conway Stewart da Swan da Onoto na nan Ingila, wani sababbi, wani tawada kawai ya kawo kwalba kwalba, wani takarda, can gefe kuma masu gyara sun duƙufa da fitila da madubin ƙara girma a ido kamar masu gyaran agogo a bakin kasuwa. Ana taya kaya kuma ana ragi, kar wanda ya ce muku Bature ba ya ciniki, sai dai a hankali ake yi ba a ɗaga murya.

Ni abin da na ɗauko daga tafiyar nan, kuma shi nake so mu tattauna a zama na gaba, shi ne riba ba a sayayya take ba. Waɗanda suka fi amfana a cikinmu su ne waɗanda suka tafi da tsohon alƙalami a aljihu suka zauna gaban mai gyara.

Misali Baba Alhaji, dattijonmu, ya zo da Parker 51 na mahaifinsa da ya ɗauko daga gida, ya fi shekara talatin a cikin akwati ba a taɓa shi ba, shi a zatonsa ya mutu. Mai gyaran ya kwance shi a gabanmu ya ce Alhaji ya yi sa'a, irin wanda ake matsa ƙarfe ya sha tawada ne, wanda Parker ta koma yi daga 1948, jakar cikinsa ba ta cika lalacewa ba, da na farkon ne da ya fito a 1941 mai famfo a gindi da sai an canza masa roba. Ruwa kawai ya yi ta zuƙa yana fesarwa, shuɗi na fita, shuɗi na fita, har ruwan ya yi fari, ya ɗura tawada ya miƙa wa Baba. Baba ya rubuta bismilla ya yi shiru, mu ma muka yi shiru. A nan ne ma wasunmu suka fara sanin cewa Hero 616 ɗin da muka yi sakandare da shi, wanda ke ɓata mana aljihun farar riga, kwaikwayon wannan Parker ɗin ne 'yan Sin suka yi.

Sai Hajiya ma'ajinmu, ita da take rubutun ajami, ta daɗe tana ƙorafin bakin alƙalamin Turawa bai dace da hannunta ba. Ta kai alƙalaminta na kamfanin Pelikan wajen mai wasa baki, ya sa ta rubuta layi biyu yana kallon yadda take karkata hannu, sannan ya goga mata shi yadda jan kwance zai yi kauri jan tsaye ya yi siriri, irin wasin da su suke kira na akitek, wasu kuma na ce masa bakin Larabci. Bai fi minti ashirin ba. Wallahi da ta ja haruffan ba da sin sai ka ce da alƙalamin kara aka yi, tun daga ranar ba ta bar mu mun huta ba.

Ni kuwa da na tafi da niyyar saye, na sayo wani tsohon alƙalami mai ɗan maɗauki a gefe saboda launinsa ya tafi da ni, ban duba da madubi ba, sai da na dawo gida na ga tsaga a bakin murfin, robar ciki kuma ta bushe ta zama ƙanzo, ina girgizawa tana ƙara. Ba wanda ya cuce ni, haka aka sayar min a matsayin wanda ba a gyara ba, ni ne ido ya rufe. Na faɗa ne don sababbinmu, dan Allah ku zagaya zauren gaba ɗaya sau ɗaya hannu a aljihu kafin ku fitar da ko fam ɗaya, kuma a nemi izini kafin a ɗauki alƙalamin mutum, a tambaya murfin murɗawa ake yi ko ja, don masu abin ba abin da suka tsana kamar a fizgi murfi mai zare.

Taron Pelikan Hubs da kamfanin ke shiryawa rana ɗaya a birane da yawa na duniya, wasunmu sun yi rajista sun je, sun dawo da yabo, sun ce an yi musayar tawada sosai kuma sun haɗu da mutanen da muka sake gani a Oktoba. Ranar alƙalamin tawada ta duniya, Juma'ar farko ta Nuwamba, mun haɗu bayan masallaci mun sha shayi, ba wani abin a zo a gani. Ƙanenmu da ke karatu a Amurka shi kaɗai ya wakilce mu a babban baje kolin Washinton na watan Agusta, ya ce kwana ɗaya ba ya isa a gama zagayawa, ya kuma kawo mana tsarabar takarda.

Yanzu batun tawadar gida. A zamanmu na bazara ɗaya daga cikin matasanmu, ba zan kama suna ba ya san kansa, ya ɗura tawadar allo da aka kawo masa tsaraba a cikin Lamy Safari sabo fil. Kwana biyu alƙalami ya ƙi motsi. Dole ya ƙi, tawadar allo gawayi ne da ƙaro, ƙaro kuwa danƙo ne, in ya bushe a cikin 'yan siraran hanyoyin da tawada ke bi ta sauko baki shi ke nan ya liƙe su. Kwana uku muna jiƙa shi muna wankewa da tsohon buroshin haƙori kafin ya dawo. Amma abin ya jawo hira mai daɗi, don Malam ya yi mana bayanin tawadar da masu rubuta Alƙur'ani ke dafawa da bagaruwa da ƙarfe, wadda ba ta wankuwa a takarda, sai ga shi a Oktoba mun tarar da 'yar uwarta a teburin masu tawada, wato tawadar rajista ta Diamine, kamfanin Libaful da ke wannan sana'a tun 1864, irin wadda masu rajistar aure da haihuwa suka saba amfani da ita a nan. Ita ma sinadarin itace ne da ƙarfe, tana sauka shuɗi-shuɗi sai ta yi ta duhu in ta sha iska. Malam ya yi dariya ya ce ashe abin duk ɗaya ne, kwalba ce ta bambanta. Duk da haka ta gida a bar ta wa alƙalamin kara, kar in sake jin wani ya gwada.

Ajin gyaran rubutu na yara da muka yi alkawari bara, gaskiya mun gaza, sau biyu kawai aka yi aka watse, iyaye sun kawo yara mu ne ba mu fito ba. Ba na son in yi dogon magana a kai, kowa ya san uzurin da ya bayar.

Kuɗi kuma Hajiya za ta karanto dalla-dalla a zama, amma a taƙaice abin da ya shigo ya tafi ne a kuɗin jirgin ƙasa na ɗalibanmu da tikitin shiga da 'yan kwalaben tawada da muke rabawa. Akwai waɗanda rabonsu da biyan kuɗin wata tun kafin babbar sallah, kuma su ne dai muka gani da sabon alƙalamin Sailor a aljihu, Allah ya sa alheri, amma a taimaka a biya.

Shawarar da kwamiti zai kawo ita ce a daina sayen alƙalamin kyautar ƙarshen shekara, kuɗin a sayi kayan gyara na ƙungiya, wato madubi, robobin ciki masu girma daban daban, danƙon liƙa su da hoda, a ajiye wajen mutum ɗaya, kuma a tura matasa biyu su zauna kusa da masu gyara a baje kolin Maris su buɗe ido. Na san Yaya mataimakin shugaba bai yarda ba, ya ce kyautar ce ke jawo mutane, zai faɗi nasa a zama sai a kaɗa ƙuri'a. Duk mai tsohon alƙalami da ya daina rubutu ya taho da shi ranar, nawa mai tsagaggen murfi shi za mu fara kwancewa.

Naku,
Sakatare