Zuwa ga Babana, a Ɗa'if

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya kai da iyalinka. Na iso gida lafiya. Ƙafar ce kawai ta kumbura saboda zaman jirgi, ita ma kumburin ya sauka. Ruwan wardin da ka saya mini na raba shi tas, har gwaggonku ta yi mini fushi wai kwalbarta ta fi ta kowa ƙanƙanta.

Ka san ni da waya ba ma shiri. Da na kira sai yara su yanyame ta, matarka tana gefe, kai kuma kana hamma don ka kwana a wurin aiki. Akwai maganar da ba a yin ta a haka. Shi ya sa na koma wa biro da takarda, sana'ata ta shekara talatin da biyar. Ƙanwarka za ta ɗauki hotonta ta tura maka ta WhatsApp. Ka karanta kai kaɗai.

Da farko dai Allah ya ba ka gari. Ranar da muka taso daga Makka ta hanyar Hada, na bar Harami ina fifita da gefen hijabi, mota tana ta murɗawa tana hawa, kunnuwana suka toshe, kafin mu kai sama sai ga ni ina neman mayafi na biyu. Da ka ce mini garin yana sama da teku da wajen mita 1,800 sai na daina mamaki. Tun zamanin Ƙuraishawa masu hannu da shuni na Makka suna da gonakin inabi a can, sarakunan Saudiyya ma can suke gudun zafi, a can ne Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953. Na ga rumman, na ga ɓaure, na ga zuma, na ga masu tsinkar wardi tun kafin rana ta fito don kada ƙamshin ya gudu. Da aka ce mini ana haɗa irin ruwan nan da zamzam a wanke ɗakin Ka'aba, sai da na ƙara shinshinar tafin hannuna.

To amma fa gari ne na masu zuwa su koma. Mutum ya zo daga Jidda ko Riyad, ya kama gida na sati biyu, ya shimfiɗa darduma a kan duwatsun Shafa ya gasa nama, ya hau keken nan mai rataye da igiya, ya tattara ya tafi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kai ma halinsu ka ɗauka. Shekararka biyu da wata huɗu a gidan nan, akwatunanku har yau suna jere a bayan ƙofa da takardar filin jirgi a jikinsu. Labulen falo yana cikin ledarsa. Da na yi magana ka ce, "Ai kwantiragi ne, Umma, ba mu san ranar tafiya ba."

Na taɓa jin wannan maganar a bakin wani. Lokacin da aka yi wa babanku, Allah ya jiƙansa, canjin wurin aiki zuwa Jos, cewa ya yi shekara ɗaya ce, kada ma in kwance kayan ɗakina. Shekara tara muka yi, a can na haife ka. Shekarar farko ban san kowa ba, ban nemi sanin kowa ba, tunda ai tafiya za mu yi. Wata rana da sanyin Disamba, babanku ya yi tafiya, na hura gawayi a kasko na shiga da shi ɗaki, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ban san inda kaina yake ba sai farkawa na yi a tsakar gida ana yayyafa mini ruwa. Wata maƙwabciyarmu ce, Birom, Kirista, wadda ko gaisuwar kirki ban taɓa yi mata ba. Ta ga hantsi ya yi ban fito shara ba, ta sa aka ɓalle ƙofar. Cikinka yana wata shida a lokacin.

Na ga irin kaskon nan a ɗakin ajiyarku, da rabin buhun gawayi. Kai ma'aikacin jinya ne, ka fi ni sanin abin da hayaƙin da ba a gani yake yi wa jini. Amma kai kana asibiti da dare, ita ce a gida da yara. Kafin sanyi ya dawo ka fitar da shi, ka saya musu abin ɗumama ɗaki na lantarki. Sannan ka zauna ka tambayi kanka: in hantsi ya yi ba a ga matarka ba, wa zai lura a benen nan?

Ni dai mutum ɗaya na gani a gidanka da ta yarda ta zauna a Ɗa'if, ita ce kyanwar nan. Kullum bayan la'asar sai ta sulale ta matakala. Rana ta huɗu na bi ta a hankali ina dafa bango, na same ta a ƙofar gidan ƙasa tana cin kan kaza a faranti, faranti na musamman, ba murfin gwangwani ba. Tsohuwar gidan ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta nuna kyanwar ta ce "bissa", ta nuna sama, na gyaɗa kai. Shi ke nan ta ja hannuna. Larabcina na Islamiyya ne, nata na kasuwa, amma mun yi awa guda. Ta zuba mini gahawa a ɗan finjalin nan, ina shanyewa tana ƙarawa, har sau biyar, sai da jikarta ta nuna mini ana girgiza finjalin in an ƙoshi. Kashegari ta aiko da salik, shinkafar nan da suke dafawa da madara da romon kaza. Matarka ta ce tunda kuka tare ba a taɓa aiko muku da abinci daga gidan ba. Na ce ke kin taɓa aikawa? Ta yi shiru. Ba laifinta ba ne ita kaɗai, kai ne ka ce mata kowa ya yi harkar gabansa don kada a jawo magana.

Mun mayar da farantin da dambun shinkafa. Ka tabbata ba a tsaya daga nan ba. Kai kuma mijin 'yarta da kuke haɗuwa a masallacin unguwa, ka daina yi masa sallama daga nesa kamar wanda ake binsa bashi.

Tunda na ambaci kyanwa, bari in gama da ita. Maigidana ƙarami yana ɗaure ta da igiyar takalmi yana ja, kana kallo kana dariya. Ka zaunar da shi ka gaya masa hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Shekararsa shida, zai gane. In za ku sauka Makka ku kwana biyu, kada a kulle ta a banɗaki da kofin ruwa kamar yadda aka yi da muka je ɗawafin bankwana, ku bar ta wurin tsohuwar nan. Kwashe ƙasar da take kashi a ciki kuwa aikinka ne daga yanzu. Ba a gaya mini komai ba, amma na haifi bakwai, na ga yadda matarka take kau da kai daga warin soyayyar albasa. Allah ya raba lafiya.

Wannan ya kawo ni kan babbar maganar. A sati ukun da na yi, baƙi kashi huɗu suka sauka a gidanka. Abokin karatunka da matarsa, wasu mutum uku 'yan unguwarmu da ko ni ban gane ɗayansu ba, wani da ya ce ƙanin abokin aikinka ne, sai surukan maƙwabcinmu. Kowa ya gama umara sai a ce masa ai akwai ɗan Hajiya a Ɗa'if, je ka sha iska. Kai kuma ka ɗauko su, ka kai su Shafa, ka kai su masallacin Abdullahi ɗan Abbas, ka tsaya da su a Ƙarnul Manazil su ɗauki harami su sake wata umarar, ka wuce aiki. Wa ya tuƙa tuwon mutum tara? Wa ya wanke zannuwan gado, ya kwashe yara ya kai su ɗakin girki suka kwana a ƙasa? Wata rana ƙarfe ɗayan dare na fito alwala na tarar da ita a tsaye tana wanke tukwane tana share hawaye da kafaɗa. Da ta gan ni ta ce albasa ce. Babu albasa a wurin.

Ba ni zan ce ka kori baƙo ba, ba haka aka yi mana tarbiyya ba, kuma gidan babanku bai taɓa rufe ƙofa ba. Amma a gidan babanku mu huɗu ne a tsakar gida, ga 'yan riƙo, ga maƙwabta. Ita kuwa ita kaɗai ce, ba uwa ba ƙanwa, a ƙasar da ba ta jin harshenta sosai. Shari'a ma kwana uku ta yanka wa baƙo, abin da ya wuce nan sadaka ce, sadaka kuwa da abinka ake yi, ba da ƙashin bayan 'yar mutane ba. Ka tambaye ta kafin ka ce wa kowa to. In baƙin maza ne zalla, garin cike yake da gidajen haya na kwana, ka kama musu ɗaya, ka sayo abinci a waje. Wanda ya ji haushi ya zo ya same ni. Ni ma na daina ba da lambarka, na kuma gaya wa ƙannenka.

Sai ka yi hattara da wanda zai ce maka zai ɗan zauna kafin ya samu abin yi, alhali bizarsa ta ƙare. Ka fi ni sanin dokar ƙasar, ba ta bar wanda ya ɓoye shi ba. Igamarka, wato takardar izinin zamanka, ita ce igamar mutum huɗu, ga na biyar a hanya. Ka ba shi abin da Allah ya hore maka, ka nuna masa hanyar gida.

Abokanka na asibiti na gan su, ban ga abin ƙi ba. Bafilifinen nan mai yawan dariya har da durƙusa mini, wa ya koya masa? Sai dai Juma'a ɗaya kake samu a sati, in ba ka da aiki, ita ma ka ba su. Ku hau dutse ku yi shayi har magariba, iyalinka suna leƙen hazo ta taga. Mutane suna biyan kuɗin jirgi don su kawo 'ya'yansu wurin da kai kake kwana kana tashi, naka 'ya'yan ba su san filin shaƙatawa na Ruddaf ba sai da na zo. Ka raba, wata Juma'ar tasu, wata ta gida. In kun bi ta Hada, a rufe gilashi. Na ga kishiyata tana miƙa wa biran nan ayaba ta taga, wani ƙaton bika ya dafe murfin mota yana mana kallon raini, haƙoransa kamar na kare. Ba abin wasa ba ne, hukuma ma ta hana ba su abinci. Kuma in an ce hazo ya rufe hanyar ko ana ruwa, ka bi ta Sail, ko da ta fi nisa. Na ga yadda kake shan kwanar nan da hannu ɗaya, salati kawai nake yi a baya.

Kishiyar tawa kuwa ta zo ta tsaya a gabana ta ce "abga moya", sai da uwarta ta fassara mini wai ruwa take so. Na ji daɗi ƙwarai, ta samu abin da mu muka sha bulala a kansa ba mu samu ba. Amma a cikin gida a yi musu Hausa. A Makka na zauna da wasu mata a wajen titin da ake kira Shari'a Mansur, kakanninsu ne suka taho a ƙasa ta Sudan, suka yi shekaru a hanya. Sunan Hausawi yana nan a takardunsu, tsofaffin suna yi mini Hausa tsantsa irin ta da, 'yan matan kuwa sai murmushi. Su ma kakannin nasu da niyyar komawa suka fito.

Ranar da ka kai ni wurin da ake cewa nan ne gonar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya fake bayan mutanen Saƙif sun sa yara da wawaye sun jefe shi, ka ga na yi shiru ka ɗauka gajiya ce. Addasu nake tunani. Bawa ne, baƙo daga Ninawa, garin Annabi Yunusa, ba ɗan gari ba, ba mai gona ba. A duk faɗin Ɗa'if ranar, shi ne ya zo da farantin inabi ya tsaya ya saurari mutumin nan. Yaranka suna wucewa ta kusa da wurin, ba wanda ya taɓa ba su labarin. Ka ba su, da Hausa.

Akwai mai tahowa umara cikin wata mai kamawa, zan ba ta kuka da daddawa da yajin ƙuli, da kanwa 'yar kaɗan in sun bari ta wuce. A Makka za ka karɓa, na gaya mata ba sai ta hau dutse ba. Akwai atamfa turmi ɗaya a ciki, ta tsohuwar gidan ƙasa ce, matarka ta kai mata da hannunta. Ka rataya labulen nan ka turo mini hoto.

Ka gaida matarka da kyau, ka ce ina sa mata albarka. Ka ce wa maigidana har yanzu ina jiran kuɗin cefane.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka.

Wassalam,
Ummanka