Ƙwallon da ake bugawa da ƙafa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni tela ne a nan Damagaram, kuma sama da shekara 20 ke nan ina hura usur a wasannin yaran unguwa. Ba wanda ya naɗa ni, ba kuma wanda ke biyana. Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro shi ne muhawarar da aka yi a filinku na wasanni makon jiya, inda wani dattijo ya bugo waya ya ce ƙwallo ba ta tsinana komai sai lalata tarbiyya, wani matashi kuma ya mayar masa da cewa ai ƙwallo ce ta haɗa kan duniya. Ina kan keke ina ɗinki na saurare su har suka gama, sai na lura dukkansu biyu ƙwallon talabijin suke magana a kai. Babu wanda ya tuna da wadda ake bugawa da ƙafa.

Dattijon nan bai yi ƙarya ba, in dai gidan kallo yake nufi. Akwai ɗaya kusa da shagona. Ranar da Madrid za ta kara da Barcelona tun bayan magariba ake cika bencuna, kowa ya miƙa dala ashirin a bakin ƙofa, inji na ta ruri a waje, zafi kamar tanda. Isha'i ta zo ta wuce. Da an tashi sai ka ji yaron da ko Tanut bai taɓa zuwa ba yana cewa "mun ci ku", wani ya ce "mun sayi ɗan wasa miliyan ɗari", alhali bashin shayin jiya yana wuyansa. Wannan duk da sauƙi, abin dariya ne. Abin da ba na dariya ba shi ne cacar da ta shigo cikin waya. Wani yarona na shago, yaro mai hannu, wanda har na fara bar masa yanka, ya ɗauki kuɗin da wata mata ta bayar na ɗinkin salla ya zuba a kan wasa takwas. Bakwai suka zo yadda ya zaɓa, na takwas ya wargaje a mintin ƙarshe. Da na tsare shi bai ce ya yi laifi ba, cewa ya yi: "Maigida, saura ƙiris fa!" Wannan "saura ƙiris" ɗin ita ce ƙugiyar da ake kama su da ita. Ni na biya matar, shi kuma wata uku yana aiki ana cirewa.

Shi ma matashin yana da hujja. Mun ga Didier Drogba a watan Oktoba na 2005, lokacin da Kodibuwa ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya karo na farko, ƙasar kuwa ta rabu gida biyu saboda yaƙi. A ɗakin sauya kaya a Sudan shi da ƴan wasan suka durƙusa gaban kyamara suna roƙon mutanensu su ajiye makamai, a 2007 kuma aka kai wasan ƙasar da Madagaska har Buwake, cibiyar ƴan tawaye. Mun ga Maroko a gasar kofin duniya ta Katar a 2022, ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ƴan wasa na sujada a fili, Hakimi na zuwa wurin mahaifiyarsa cikin ƴan kallo, Boufal na rawa da tasa a kan ciyawa. A makonnin nan duk Damagaram ƴan Maroko ne, har tsofaffin da ba su san satar gida ba, domin sun ga yaran da suka san darajar uwa. Amma kada ya manta ƙwallon nan dai ce aka harbe Andrés Escobar a kanta a Kolombiya a 1994, kwanaki kaɗan bayan ya ci gidansu bisa kuskure a wasa da Amurka. Ita ce kuma mutum sama da 70 suka mutu a kanta a filin Port Said na Masar a 2012. Ke nan taron kallo yana iya zama ɗaurin aure, yana iya zama jana'iza. Ba a nan tarbiyyar take ba.

Inda take, a ganina, shi ne wurin da yaro yake shan kaye da ƙafarsa, gaban mutanen unguwarsu, ya kuma tashi ya ba wanda ya kayar da shi hannu.

Bari in ba ka labarin kaina, ko da yake ba na yabo ba ne. Wata shekara a hutun lakwal muka shirya gasa tsakanin unguwanni, kowace ƙungiya ta zuba jika biyu, muka sayi ɗan akuya ya zama kofi. Filin rairayi ne, gefe guda duwatsun nan namu na Damagaram, ɗaya gefen bola. Raga babu, sanduna biyu ne da igiya a sama. A wasan ƙarshe, saura kaɗan a tashi, aka ɗirka wata ƙwallo ta wuce ta jikin sanda. Ƙura ta tashi, rana na idona, na hura na ce ta shiga. Mai tsaron gidan, yaro ne da bai wuce shekara 13 ba, silifas ya sa a hannu a madadin safa, ya rugo yana rantsuwa cewa ta waje ta bi. Yayyensa suka fara shigowa fili da duwatsu a hannu. Wallahi na tsorata. Sai yaron nan, hawaye na zuba, ya je bayan sanduna ya ɗauko ƙwallon da kansa, ya kawo tsakiya ya ajiye, ya ce wa yayyen: "Ku fita, alƙali ya riga ya hura." Suka fita. Aka cinye su ɗaya da nema, ɗan akuya ya tafi wata unguwa.

Da daddare wani mai shayi da ya tsaya daidai bayan sandar ya ce mini: "Malam, yau ka ci haƙƙin yaro, ta waje ta bi." Washegari na je har gidansu na ba shi haƙuri gaban mahaifinsa. Amsar da ya ba ni ita ce ai wasa ya riga ya wuce, yaushe za a yi na gaba. Na sha ganin manya masu furfura sun kasa yin abin da yaron nan ya yi, a rabon gado, a zaɓen shugaban ƴan kasuwa, har a kwamitin masallaci. Kuma ba huɗuba aka yi masa ba. Tun yana shekara bakwai yake buga ƙwallon tsumma, an ci shi sau ɗari, ya ci sau ɗari, har jikinsa ya san cewa hukunci na iya zuwa a karkace kuma duniya ba ta tashi ba. Wanda ke zaune kan benci a gidan kallo ba ya samun wannan, domin in Barcelona ta faɗi ba shi ya faɗi ba. Alƙali zai zaga, ko ya ce an sayar da wasa, ya tafi ya kwanta.

Ɗan ƙanwata ma na taɓa ba shi jan kati, na kwalin sukari da na shafa wa jan fenti, don ya shure wani ta baya. Ya ce: "Haba Kawu!" Na ce masa Kawu yana shago, nan alƙali ne. Uwarsa ta yi mako biyu tana amsa gaisuwata da hanci.

Tunda maganar doka ta zo, ina so matasan da ke saurarenku su san yadda Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar, ta fara zuwa gasar cin kofin Afirka, don da yawansu suna iya jero maka ƴan wasan Manchester City har da na benci amma ba su san wannan ba. A wasannin neman gurbin 2012 an haɗa mu rukuni ɗaya da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Masar a lokacin ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. A Oktoban 2010 suka zo Yamai, filin Janar Seyni Kountché, Moussa Maâzou ya zura musu ɗaya, aka tashi a haka. Mena ta ci duk wasanninta uku na gida, ta faɗi duk ukun waje. Ranar ƙarshe, a Oktoban 2011, Masar ta lallasa mu 3 da nema, Afirka ta Kudu kuwa tana gida tana karawa da Saliyo. Da labari ya kai musu cewa ana cin Nijar, sai suka daina neman ci, suka koma jan lokaci, don a lissafinsu canjaras ya ishe su tunda sun fi mu rarar ƙwallaye. Aka tashi babu ci, suka hau rawa suna zagaya fili. Ashe dokar gasar ba haka ta ce ba. Ƙasashe uku kowace na da maki 9, sai a duba sakamakon wasannin da suka yi tsakaninsu. A nan Nijar na da 6, su biyun 5-5. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin kofin duniya a 2010, mai filaye kamar a mafarki, ta zauna gida saboda ba a zauna an karanta takarda ba, yaran Harouna Doula, mai horar da Mena, suka tafi gasar a Gabon, shi kuma hukumar ƙwallon Afirka ta ba shi kyautar gwarzon mai horarwa na 2011. Duk lokacin da zan buɗe gasa sai na tara kyaftin-kyaftin na ba su wannan labari kafin in karanta musu ƙa'idoji, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi gyangyaɗi ba.

Ba mu yi abin a zo a gani ba a Gabon, gaskiya ce, a 2013 ma maki ɗaya muka samo, canjaras da Kwango Kinshasa. Amma a farkon 2023 a Aljeriya, a gasar ƴan wasan da ke bugawa a cikin gida, Mena ta fitar da Gana 2 da nema ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Waɗannan yara ba daga sama suka faɗo ba. Irin filin rairayin nan ne ya haife su, kamar yadda ƙauyen Bambali ya haifi Sadio Mané, wanda ya koma ya gina musu asibiti da makaranta.

To ga inda kukana yake, Malam Edita. Filayen nan suna ƙarewa. Wanda na ba ka labarinsa yanzu gidaje ne. Wata safiya muka tarar an kafa duwatsun iyaka, kafin damina an zuba tubali. Ban ce kada a yi gini ba, gari na girma, kowa na son inda zai sa kansa. Amma in za a yanka unguwa sabuwa, a ware wa masallaci, a ware wa kasuwa, me zai hana a bar wa yara taki ɗari? Yanzu sai sun yi tafiya mai nisa zuwa bayan gari, ƙananan kuma iyaye ba sa bari, sai su buga a kan titi tsakanin ƴan kabu-kabu. Yaron da ya rasa inda zai zubar da ƙarfinsa da la'asar, kowa a garin nan ya san inda yake ƙarewa, ba sai na faɗi sunan unguwa ba. Na san matasa da dama da suka bar zaman banza a fada saboda kawai an ba su riga mai lamba an ce gobe ƙarfe huɗu kada a makara. Mai lamba a baya yana jin ana jiransa a wani wuri.

Ku ma kuna da naku laifin, in ka yi mini izini. Filinku na minti 30 ne, na sha dubawa da agogon shago: kusan duka Ingila ne da Sifen, sai in lokaci ya rage a ce wani abu a kan gasar ƙasa. Kada a ce mini mutane ba sa son na gida. In lokacin kokowar takobi ya zo, wa ke tuna Madrid? Gari ke yin tsit, kowa kunne a rediyo, mata a cikin gida sun san sunan ƴan kokowar kowace jiha da kirarinsu. Me ya sa? Don an ɗauke ta da daraja, ana watsa ta, ana yi wa ƴan kokowa kiɗa. Garin nan kuwa yana da tarihin ƙwallo. Espoir ta Damagaram ta taɓa ɗaukar kofin ƙasa a 1984, amma tambayi yaran gidan kallo ka ji ko ɗaya ya sani.

Roƙona ba mai tsada ba ne. Ku ware ko minti biyar a mako ku faɗi sakamakon wasannin unguwanni, Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam da sauransu, ku ambaci wanda ya ci, ku ambaci ƙungiyar da aka cinye ta yi haƙuri. Yaron da ya ji an kira unguwarsu a rediyo zai yi wata guda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ku kuma gayyato masu ruwa da tsaki a rabon filaye ku tambaye su, a gaban masu sauraro, nawa aka bar wa yara a sababbin unguwanni. Dattijon da ya bugo waya kuwa, ina gaishe shi da girmamawa. In Baba zai yarda, ya zo ranar Lahadi bayan la'asar, zan ajiye masa tabarma a inuwa, ya ga wasa ɗaya kafin ya yanke hukunci. Wakilinku ma in zai zo, ya biyo ta shago mu tafi tare, amma ya sa takalmin da ba ya jin tausayinsa, don akwai ƙaya a hanya.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro kullum,
wani tela mai usur,
daga Damagaram.